Yadda Ɗalibin Musaya Zai Tsara Zamansa da Yawonsa a Ƙasar Waje

Zangon karatu ɗaya ba shi da wani tsawo. Wata huɗu ne ko biyar. In ka cire makon sauka da makonnin jarrabawa, ƙarshen makon da ya rage maka bai fi goma sha biyu zuwa sha huɗu ba. Amma ɗalibin da ya samu gurbin musaya, wato damar yin zango a wata jami'ar ƙasar waje ya dawo tasa, yakan taso da dogon jerin biranen da zai gani, wani har taswira yake zanawa, alhali bai tambayi kansa inda zai wanke tufafinsa ba, ko motar da za ta kai shi aji ranar Litinin da safe. Na yi irin wannan zama, na kuma ga waɗanda suka zo bayana, kuma abin da na tabbatar shi ne, wanda ya fara zama ɗan gari shi ke cin moriyar yawo. Wanda ya sa yawo a gaba yakan koma gida a gajiye, aljihu wayam, sakamako ba yabo ba fallasa, garin da ya kwana cikinsa wata biyar kuwa bai san shi ba.

Shi ya sa zan bi abin yadda yake zuwa, tun kafin a hau jirgi har ranar da za a mayar da makullin ɗaki.

Tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma takardar da ta fi kowace muhimmanci a nan ba tikitin jirgi ba ce. Yarjejeniyar karatu ce, wato takardar da ke ɗauke da sunayen kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a jami'arka. A shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, ɓangare uku ke sa mata hannu: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. Sauran shirye-shirye suna da irinta, ko da sunan ya bambanta. Kada ka yarda da "je ka dawo, ma duba." A sa hannu tun yanzu. In ka isa ka tarar kwas biyu sun ci karo a jadawali, ko an soke wani, abin da ba ya wuyar faruwa, sai ka gyara takardar a makonnin farko a sake sa mata hannu. Wanda ya yi sakaci a nan shi ne zai dawo da sakamako mai kyau a ce masa ba a san da wannan kwas ba.

Ka fahimci ma'aunin da suke auna nauyin karatu da shi. A Turai ECTS ake amfani da shi: kiredit 30 a zango, 60 a shekara, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30 ne, har da karatun da za ka yi kai kaɗai a laburare. Buga lissafin da kanka. Kiredit 30 aikin awa 750 ne zuwa 900, wato aikin cikakken ma'aikaci. Wanda ya san haka ba zai riƙa ɗaura jaka kowace Juma'a ba.

Sannan biza. Karanta ta harafi da harafi. Shiga sau ɗaya ta ba ka ko sau da yawa? Yaushe za ta ƙare? Fasfonka fa, saura wata nawa? Ƙasashe da dama suna son wa'adinsa ya zarce ranar komowarka da watanni. Ka yi inshorar lafiya, ka tambayi abin da take biya da wanda ba ta biya, da ko tana aiki in ka tsallaka iyaka. In kana shan magani a kai a kai, taho da wanda zai ishe ka cikin kwalinsa na asali, haɗe da takardar likita, domin akwai ƙasashe, Japan misali, da suka hana shigo da wasu magungunan da ake sayarwa lami lafiya a wasu wurare. Ka ɗauki hoton duk takardunka ka ajiye a imel, ka buga kwafi biyu, ɗaya a jakarka, ɗaya a hannun wani na gida.

Kaya kuwa a rage. Akwati ɗaya da jakar goyo sun isa. Rigar sanyi mai nauyi a can ake sayenta, inda aka san irin sanyin. Abin da ba za ka manta ba shi ne adafta: soket ɗin Ingila ƙafa uku yake ci, na yawancin Turai biyu zagayayyu. Ƙarfin wutar ma ya bambanta, Amurka bolt 120, Japan 100, Turai 230. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna ɗaukar duka, amma dutsen guga ba ya da wannan haƙurin.

Makon farko, makon takardu

Ka yi ƙoƙari ka sauka da rana, kuma a ranar aiki. Ni ranar Lahadi da yamma na isa wani ƙaramin garin jami'a a Turai. Aka miƙo mini makulli, na hau hawa na uku, na buɗe ƙofa: gado da katifa tsirara, tebur, kujera, taga ba labule. Ba zanen gado, ba bargo, ba ko kofin shan ruwa. Shaguna duk a garƙame, domin a ƙasashe irin su Jamus da Ostiriya doka ta hana buɗe yawancinsu ranar Lahadi. Wata ɗaliba da ke ɗakin ƙarshe ta wuce ta gan ni tsaye ina kallon katifa. Ta koma ta ɗauko bargo da tawul, ta ce in mayar mata in na sayi nawa, ta kuma faɗa mini cewa shagon da ke cikin babbar tashar jirgin ƙasa yana buɗe har dare. Wannan magana guda ta fi mini duk takardun maraba da aka aiko mini. Baƙo ko da ido makaho ne. Saboda haka ka tambayi masaukin, tun kafin ka taso, me da me ke cikin ɗakin, ka kuma nemi a haɗa ka da ɗalibin gari mai tarbar baƙi. Jami'o'i da yawa suna da wannan tsari, ƙungiyar ɗaliban Erasmus da ake kira ESN ma tana yi.

Kafin ka kwance kaya, zagaya ɗakin da kyamarar waya. Tabon bango, tsagewar madubi, ƙofar kabad da ta goce, duk ka ɗauka, ka tura wa mai kula da gidan a rubuce a ranar. Kuɗin jinginar da ka ajiye, a kan waɗannan hotunan zai dawo ko ya maƙale.

Sai rajista da hukuma, wadda ba ta jiran kowa. Kowace ƙasa da wa'adinta. A Jamus, cikin mako biyu da tarewa za ka je ofishin rajistar mazauna gari da takardar shaida daga mai gidan. A Italiya, wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da kwana takwas na aiki ya shigar da takardar neman izinin zama, kuma ta gidan waya ake yi. A Faransa, bizar dogon zama ta ɗalibi sai an tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da shigowa. A Japan kwana 14 ne ka kai adireshinka ofishin hukumar gundumar da kake. A Amurka, mai bizar musaya ta J-1 zai kai kansa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, ya kuma adana takardar DS-2019, wato shaidar shirin musayar da aka ba shi bizar a kanta, kamar ƙwayar idonsa. Abin da ya sa na ce a fara da wannan shi ne abin sarƙa ne: banki yana son shaidar adireshi, wasu kamfanonin waya suna son asusun banki, kuɗin tallafin karatu kuma asusun yake jira. In zoben farko ya makara, duk sauran sun makara. In ana kama layi ta intanet, kama shi tun a daren farko.

Bayan wannan sai katin ɗalibi, layin waya, asusun banki in kana buƙata, da katin shiga mota. A nan ka tambaya kafin ka saya, don a wasu jami'o'in, musamman na Jamus, kuɗin zangon da ka biya ya haɗa da tikitin bas da jirgin cikin gari. Ka kuma koyi yadda ake "kunna" tikiti. A birane irin su Balin da Biyana da Firag babu shinge a bakin tasha, shiga kawai ake yi, amma tikitin takarda da ba a buga masa hatimi a ɗan injin da ke wurin ba daidai yake da babu. Masu bincike in sun shigo, "ni baƙo ne" ba ya hana tara.

Haddace lambar gaggawa: 112 a duk Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada, a Japan kuma 110 don 'yan sanda, 119 don gobara da motar asibiti. Adireshin ɗakinka ma ka rubuta a takarda ka sa a walat, saboda ranar da waya za ta mutu.

Ana gobe za a fara lacca, bi hanyar tun daga ƙofar ɗakinka har ƙofar ajin, a daidai lokacin da za ka riƙa binta. Tsofaffin jami'o'in Turai da yawa ba su da katanga ɗaya. Sashe kaza yana wannan unguwa, laburare yana waccan.

Kici, wanki da aljihu

Rikicin masaukin ɗalibai kusan duka a kici yake tashi: kwanon da aka bari a wurin wanke-wanke, kayan wani da aka taɓa a firji, sharar da kowa ke jiran wani ya fitar. Ranar farko ka tambayi wane kanta ne naka, yaya ake rabon shara da goge-goge, ƙarfe nawa ake daina hayaniya. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. In suna raba shara gida-gida, takarda dabam, kwalba dabam, raba. In ana rubuta suna kafin a yi amfani da injin wanki, rubuta. Ba ƙasƙanci ba ne. Kuma waɗannan mutanen da kuke haɗa tukunya da su, su ne za su san ba ka da lafiya kafin kowa ya sani.

Ka ware wa wanki rana, ka ware wa cefane rana, ka koyi girka abu uku ko huɗu da za ka iya yi ido rufe. Wannan ƙaramin tsari shi ke mayar da ɗaki gida, shi kuma ke tara maka kuɗin tafiya, domin cin waje kullum rami ne marar ƙasa.

Kuɗinka ka raba uku: na haya da abin da ba makawa, na ci da zirga-zirga, na yawo. Na ukun ka raba shi da sauran, ko a wani asusu ko a ambulan. Watan farko ya fi kowane cin kuɗi, don haka kada ka auna sauran da shi, amma ka rubuta duk abin da ka kashe a cikinsa, ko kaɗan ne. A wata na biyu za ka san ainihin abin da garin ke ci. In na'urar cire kuɗi ta tambaye ka ko ta caje ka da kuɗin ƙasarku ko da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake; canjin da na'urar ke yi da kanta yawanci ya fi tsada. In kana tunanin yin ɗan aiki, duba bizarka tukuna. Faransa ta yarje wa ɗalibi awa 964 a shekara, Japan awa 28 a mako bayan an nemi izini, wanda kuwa ya shiga Ingila a matsayin baƙo don karatun da bai wuce wata shida ba, ba a yarda ya yi aiki ba sam.

Cikin aji

Kada ka ɗauka yadda kuke yi haka kowa ke yi. A Faransa maki bisa 20 ake bayarwa, 10 ce tsira, 16 kuwa abin taya murna ne. A Jamus 1.0 ce ƙoli, 4.0 ce iyakar ci. A Italiya 18 bisa 30 ake nema, kuma jarrabawa da dama ta baka ce, kai da malami ido da ido. A Ingila wanda ya samu 70 bisa 100 ya kai mataki mafi girma. A jami'o'in Jamus da yawa, shiga kwas dabam, rajistar jarrabawarsa dabam, da nata wa'adin. Ɗalibi na iya zuwa lacca zango guda cur a hana shi zama jarrabawa saboda bai yi rajistar ba. A makon farko ka tambayi kowane malami abu uku: da me za a auna ni, yaushe, kuma zuwa aji dole ne? Ka rubuta amsoshin a kalanda ɗaya. Wannan kalandar ita ce uwar duk tafiye-tafiyenka.

Ka shiga ajin koyon harshen ƙasar ko da da Turanci ake koyar da kwasa-kwasanka. Ba za ka ƙware a wata biyar ba, amma gaisuwa da godiya da "don Allah a maimaita" suna buɗe fuskar mai shago da direban bas. Kuma in an raba aikin rukuni, kutsa cikin 'yan ƙasa. Zama da 'yan uwanka baƙi yana da daɗi, kowa ya san ciwon kowa, amma in ba ka yi hankali ba za ka gama zangon ba ka taɓa shiga gidan ɗan gari ko ɗaya ba.

Lokacin da zumuɗi ya kwanta

Akwai wani mako, ga mutane da yawa wajen na biyar ko na shida, da komai zai fita daga ranka. Sabon abu ya daina zama sabo, aikin aji ya taru, harshe ya gajiyar da kai, sai kewar gida ta danne ka ba sallama. Masana sun daɗe da lura da wannan. Sverre Lysgaard, a 1955, ya yi nazari kan 'yan Norway da suka je karatu Amurka, ya ga mutum kan fara da murna, ya faɗa ƙunci, sannan ya farfaɗo. Ba kowa ke bin wannan lanƙwasa daidai ba, amma sanin cewa abin yana da shiga yana da fita ya rage masa nauyi. In zangon hunturu ne a arewacin duniya, duhu ma yana da hannu: a Balin rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, a Sitokhom hasken yini bai fi awa shida da ɗoriya ba.

Kuskuren da ake yi shi ne a nemi maganin wannan a tikitin jirgi. Mutum ya gudu wani birni kwana biyu, ya dawo ya tarar da ɗakin yadda ya bar shi. Abin da na ga yana aiki ya fi haka sauƙi: fita a sha hasken rana kowace rana ko na rabin awa ne, a sa lokacin kiran gida maimakon kwana a waya, a shiga wani abu da ake haɗuwa duk mako a rana ɗaya, ƙwallo ne, ƙungiyar muhawara ce, aikin sa-kai ne, ko wurin ibada. Fuskokin da kake gani duk Talata su ne ke zama abokai. In abin ya wuce mako biyu, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, je ofishin ba da shawara na jami'a. Don haka aka buɗe shi.

Fara yawo daga bakin ƙofarka

Wata uku na yi ina wuce wata tasha da jirgin titi ke tsayawa, ina ganin sunan ƙarshen layin a goshinsa, ban taɓa zuwa ba. Wata Laraba da babu lacca da rana na zauna ban sauka ba. Gine-ginen tsakiyar gari suka ƙare, aka shiga unguwar ma'aikata mai dogayen benaye, fasinja suka ragu har muka zama mu uku. A ƙarshen layi akwai 'yar hanya da ta hau tudu ta cikin itatuwa. A sama na tarar da benci ɗaya, da wani dattijo da karensa, ga garin duka shimfiɗe a ƙasa: kogin, gadoji, rufin laburaren da nake wuni, har tagar ɗakina na iya ƙiyastawa. Dattijon ya nuna mini da sandarsa inda masana'antar da ya yi aiki take a da, da ɓangaren da aka sake ginawa bayan yaƙi. Rabin maganarsa kawai na gane. Ranar ce garin ya daina zama sunayen tashoshi a kaina.

Don haka watan farko ka bar wa garinka. Ka ware rabin yini a mako, ka bi layin bas ko jirgi ɗaya har ƙarshensa, ka dawo wani ɓangaren a ƙafa. Ka hau wuri mafi tsayi a garin da wuri, don taswirar ta zauna maka a kai. Ka shiga gidan tarihin garin kansa, wanda baƙi ke tsallakewa. Shi zai gaya maka dalilin da ya sa titin kaza ya lanƙwashe, dalilin da ya sa ake hutu ranar kaza. Ka tambayi abokan ajinka, ba "me ya kamata in gani" ba, domin za su lissafo maka abin da ke jikin katin gaisuwa. Tambaye su ina suke kai kakarsu in ta zo.

Kana da abin da ɗan yawon buɗe ido ba shi da shi, wato lokaci da katin ɗalibi. Yi amfani da su. Manyan gidajen tarihi na ƙasa a Ingila, irin su British Museum da National Gallery, kyauta ake shiga, haka na Smithsonian a Washington. A Faransa, mazauna Tarayyar Turai da ba su kai shekara 26 ba suna shiga Louvre da ire-irensa kyauta in sun nuna shaida. A Italiya gidajen tarihin gwamnati kyauta ne Lahadin farko ta kowane wata, Prado na Madrid kuma yana buɗe ƙofa kyauta a awa biyun ƙarshe na yini. In wurin a garinka yake, kada ka ce sai ka cinye shi rana ɗaya. Je ka ga ɗaki biyu, ka fito tun idonka bai gaji ba, ka koma wani makon.

Tsallaka iyaka

Yanzu ɗauko kalandar nan. Ja layi a kan mako biyu kafin kowace jarrabawa da ranar miƙa kowane aiki; waɗannan ba na tafiya ba ne. Abin da ya rage ka duba hutun tsakiyar zango da ranakun hutun ƙasa. A ganina babbar tafiya biyu ko uku a zango sun wadatar, sai 'yan tafiye-tafiyen yini ɗaya zuwa garuruwan kusa. Na san wata ɗaliba da ta taka ƙasa tara a zango ɗaya. Ranar da muke ban kwana ta buɗe hotuna a waya, ta tsaya kan wani dandali mai maɓuɓɓugar ruwa, ta yi shiru, ta ce ba ta tuna wane birni ne ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle tara.

Kafin ka sayi tikiti, koma kan takardunka. Mai izinin zama a ɗaya daga ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, na iya zagaya sauran har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Amma Shengen dabam, Tarayyar Turai dabam: Suwizalan da Norway suna ciki ko da yake ba sa Tarayyar, Ailan tana Tarayyar amma ba ta ciki, Ingila da Turkiyya kuwa kowace da tata dokar shiga. In katin izinin zamanka bai fito ba tukuna, kada ka fita sai ka tambayi ofishin da ya karɓi takardunka. Fita da sauƙi, komowa ce matsala. Mai J-1 a Amurka ya tabbata an sa masa hannun tafiya a DS-2019 kafin ya leƙa Kanada ko Meziko. Kuma ko inda babu shingen iyaka, fasfo da katin zama su kasance a jikinka.

Tikitin rangwame kowane da sharaɗinsa. Interrail, tikitin zagaya Turai a jirgin ƙasa da ya samo asali a 1972, na mazauna Turai ne, Eurail na waɗanda ke zaune a waje. Kuma a jiragen ƙasa masu gudu na Faransa da Sifen da Italiya sai ka kama kujera dabam ko kana da shi. Tikitin Deutschlandticket na Jamus, da aka fito da shi a Mayun 2023, yana aiki a bas da jiragen yanki a faɗin ƙasar amma ban da masu gudu irin ICE, kuma wata-wata yake sabunta kansa har sai ka soke. Japan Rail Pass na masu ziyarar ɗan lokaci ne, mai bizar ɗalibi ba ya cikinsu. Jirgin sama mai araha kuwa, duba filin da zai sauka. Na Beauvais yana da nisan kusan kilomita 85 daga Paris, na Hahn ya fi kilomita 100 daga Frankfurt. Haɗa kuɗin motar zuwa da dawowa da na jaka, ka duba ko akwai abin hawa a lokacin da za ka sauka, sannan ka kwatanta da jirgin ƙasa ko bas ɗin dare.

Wuraren da duniya ke rububi, a kama musu lokaci tun da nisa. Fadar Alhambra ta Giranada a Sifen da sunanka ake yanka tikitinta, ɓangaren fadojin Banu Nasr kuma yana da ƙayyadadden lokacin shiga. In ka makara, ya wuce ka. Gidan Anne Frank a Amstadam ta intanet kawai ake samun tikitinsa. Ƙubbar majalisar dokokin Jamus kyauta ce amma sai an yi rajista tukuna. Ranar hutun wuri ma ka duba: Louvre ba ya buɗewa Talata, gidan tarihin Uffizi na Fulorans Litinin yake hutawa.

In kun isa, abu ɗaya babba da safe, ɗaya da yamma, tsakaninsu a bar wa ƙafa ta kai ku inda ta ga dama. In a rukuni kuke, kada ku wuce huɗu, kuma ku yi maganar kuɗi da lokacin tashi tun kafin a bar gida, domin mai son gidan tarihi da mai son barcin safe in ba su daidaita ba, ranar biyu fuska za ta canja. Sauke taswirar garin a waya ta yadda za ta yi aiki ba intanet. Katin banki ɗaya a jiki, ɗaya a jaka. A cunkoson tasha jakar goyo ta dawo gaba. Ka gaya wa wani a masaukinku inda ka tafi da ranar dawowa, ka kuma san lokacin motar ƙarshe kafin ka hau ta farko. In fasfo ya ɓace, fara da rahoton 'yan sanda, sannan ofishin jakadancin ƙasarku. A nan kwafin da ka buga zai yi ranarsa. Kuma ka dawo Lahadi da rana, ba Litinin da asuba ba.

Kowane dare na tafiya, rubuta layi uku: inda ka je, abin da wani ya ce maka, abin da ya ba ka mamaki. Hoto yana riƙe gini, ba ya riƙe waɗannan.

Tattara komatsai

Saura wata guda ka fara kwance abin da ka ƙulla. Duba wa'adin sanar da barin ɗaki, soke layin waya da tikitin wata da duk abin da ke cire kuɗi da kansa, mayar da littattafan laburare. Inda aka yi rajistar shigowa, kamar Jamus, ana yin ta fita. Asusun banki shi ne na ƙarshe, sai kuɗin jingina ya shigo, ko ka ba su inda za su tura maka. Ka tambayi ofishin musaya yaushe takardar sakamako za ta fito da wanda za a aika wa, ka karɓi shaidar kammala zama da hatimi tun kana nan, domin bin takarda daga wata ƙasa aiki ne ja.

Makon ƙarshe kada ka sa masa tafiya. Na garin ne da mutanensa. Ka share ɗakin tas, a duba shi kana tsaye, da hotunan ranar farko a hannunka. Bargo da tukunya da fitilar tebur, kada ka cusa su a akwati. Tambayi ofishin masauki ko masu tarbar baƙi inda ake ajiye wa masu zuwa, ka ɗaure su wuri ɗaya, ka manna 'yar takarda a kai da sunan shagon da ke buɗewa ranar Lahadi da lambar layin da ke kaiwa tudu.